Kwafe abin da ke cikin folda ta layin umarni

Kwafe abin da ke cikin folda ta layin umarni shi ne ɗaukar kwafin fayiloli da ƙananan foldojin da ke cikin wata folda a kwamfuta zuwa wani wuri ta hanyar rubuta umarni da allon madannai, maimakon jan gumaka a fuskar kwamfuta. A tsarukan aiki na dangin Unix, irin su Linux da macOS da FreeBSD, umarnin cp ne aka fi yin wannan aiki da shi, sai kuma rsync idan fayilolin suna da yawa ko za a aika da su wata kwamfuta. A Windows akwai xcopy da robocopy da Copy-Item. Masu kula da uwar garke suna dogara da wannan hanya saboda galibin waɗannan kwamfutoci ba su da fuskar gumaka, kuma umarnin da aka rubuta sau ɗaya ana iya ajiye shi a fayil a riƙa maimaita shi kullum ba tare da mutum ya zauna a gaban na'urar ba.

Aikin yana da sauƙi a ido, amma ɗigo ɗaya ko karkatacciyar sanda ɗaya a ƙarshen sunan folda na iya sauya sakamakon gaba ɗaya. Kuma cp ba ya tambaya kafin ya rubuta sabon fayil a kan tsoho, ba ya kuma ajiye tsohon a kwandon shara.

Tarihi

Umarnin cp yana cikin Unix tun bugu na farko, wanda littafin jagorarsa ya fito a watan Nuwamba na 1971 daga ɗakunan bincike na Bell da ke jihar New Jersey a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina tsarin. Sunan gajarta ne na kalmar Turanci mai nufin kwafi, bisa al'adar Unix ta taƙaita sunayen umarni zuwa haruffa biyu ko uku. Cp na farko fayiloli kawai yake kwafa. Ikon shiga cikin folda ya kwashe duk abin da ke ƙarƙashinta daga baya aka ƙara shi, shi ya sa har yau sai an saka masa wani zaɓi na musamman kafin ya taɓa folda. Kafin zaɓin ya yaɗu, masu aiki da Unix kan yi dabara da tar, umarnin da ya zo da bugu na bakwai a 1979: a ɗaure fayilolin wuri guda a wannan gefe, a kwance su a wancan.

A yau cp ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke cikin yawancin tsarukan Linux na GNU ne, wanda Torbjörn Granlund da David MacKenzie da Jim Meyering suka rubuta, kuma yana cikin tarin manhajojin coreutils. Na macOS da FreeBSD daga dangin BSD ya fito. Ƙananan na'urori kamar na rarraba intanet suna amfani da na BusyBox, wayoyin Android kuma na Toybox. Ƙa'idar POSIX ta tsayar da abin da ya wajaba dukkansu su yi tarayya a kai, amma kowanne yana da nasa ƙari, kuma a cikin wannan ƙarin ne yawancin ruɗani yake.

Folda da abin da ke cikinta

Idan aka ba cp na GNU sunan folda ba tare da wani zaɓi ba, sai ya ƙi, ya ce ya tsallake foldar. Zaɓin da ke sa shi shiga ciki shi ne -R:

    cp -R darussa ajiya

Abin da wannan layi zai yi ya danganta da ko akwai folda mai suna ajiya tun farko. Idan babu ita, cp zai ƙirƙire ta, ta zama kwafin darussa sak. Idan kuwa akwai ta, sai ya saka darussa ɗin a cikinta, a sami ajiya/darussa. Ke nan umarni ɗaya yana ba da sakamako biyu. Wanda ya gudanar da shi ranar Litinin ya sake gudanar da shi ranar Talata da nufin sabunta ajiyarsa, zai tarar da tsoffin fayilolin Litinin suna nan yadda suke a sama, sababbin kuma sun shige cikin wata folda a ƙasa. Mutum na iya daɗewa yana zaton ajiyarsa sabuwa ce kafin ya gane.

Hanyar da ta fi aminci wajen kwafe abin da ke ciki kawai ita ce a ƙara sanda da ɗigo a ƙarshen sunan foldar asali:

    mkdir -p ajiya
    cp -R darussa/. ajiya/

A Unix, kowace folda tana ɗauke da wani suna na musamman, ɗigo guda, wanda ke nufin foldar ita kanta, da kuma ɗigo biyu da ke nufin foldar da ke samanta. Saboda haka darussa/. yana nufin cikin darussa, kuma wurin da za a kai shi zai zama ajiya/., wato cikin ajiya. Ko sau nawa aka maimaita layin, wuri ɗaya fayilolin za su sauka. Wannan siga tana aiki a GNU da BSD baki ɗaya. Cp na GNU yana da wani zaɓi, -T, da ke cim ma wannan manufa ta hanyar hana a ɗauki wurin sauka a matsayin foldar da za a saka abu a cikinta, amma babu shi a macOS.

Sanda kaɗai ba tare da ɗigo ba, wato darussa/, ba abin dogaro ba ce. A macOS da FreeBSD tana nufin a kwafe abin da ke ciki. Cp na GNU kuwa bai damu da ita ba, foldar sukutum zai kwafa. Rubutun umarni da aka gwada a kwamfutar Mac sannan aka kai shi uwar garke mai Linux yakan karye a daidai wannan wuri. Shel ɗin kuma da kansa yake ƙara sandar idan aka danna maɓallin Tab don cika suna, don haka takan shiga ba tare da mutum ya yi niyya ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin -R da -r. A GNU ma'anarsu ɗaya. POSIX babban harafin ta sani, kuma jagorar cp ta macOS tana hana amfani da ƙaramin domin ba ya kwafe mahaɗan nuni da fayiloli na musamman yadda ya kamata.

Tauraro da ɓoyayyun fayiloli

Sigar da ta fi yawo a hannun masu koyo ita ce mai tauraro:

    cp -R darussa/* ajiya/

Tana aiki a mafi yawan lokuta, amma tana barin wasu fayiloli a baya. Dalilin shi ne cp ba ya ganin tauraron ko kaɗan. Shel, wato manhajar da ke karɓar umarni kamar Bash ko Zsh, shi ne yake maye gurbin tauraron da jerin sunayen da suka dace kafin ya kira cp, kuma bisa tsohuwar al'ada ba ya saka sunan da ya fara da ɗigo a cikin jerin. Irin waɗannan su ne ɓoyayyun fayiloli. Ba ƙananan abubuwa ba ne: foldar .git ita ce ke ɗauke da dukkan tarihin aikin manhaja, fayil ɗin .htaccess yana tsara yadda uwar garken Apache ke tafiyar da shafin intanet, .env kuma a nan ake yawan ajiye kalmomin sirri da saitin manhaja. Shafin da aka kwashe da tauraro zuwa sabuwar uwar garke na iya buɗewa a shafin farko, sauran shafukan kuma su ƙi, saboda .htaccess bai biyo ba. Tauraron saman foldar kawai yake shafa. Ɓoyayyun fayilolin da ke cikin ƙananan foldoji suna kwafuwa, tun da cp da kansa yake shiga can.

Rob Pike, wanda ya yi aiki a kan Unix a ɗakunan binciken Bell, ya ba da labari a 2012 cewa ɓoyewar nan ba da gangan aka tsara ta ba. An so umarnin ls ya daina nuna ɗigo guda da ɗigo biyu, sai aka taƙaita gwajin zuwa duba harafin farko kawai, duk sunan da ya fara da ɗigo ya ɓace daga jerin, mutane kuma suka mayar da kuskuren abin amfani.

A Bash ana iya sa tauraron ya haɗa da ɓoyayyun fayiloli da umarnin shopt -s dotglob. Abin da bai kamata a yi ba shi ne ƙara darussa/.* a layin. A tsoffin bugu na Bash wannan yana kama ɗigo biyu, wato foldar da ke sama, sai cp ya shiga kwashe duk maƙwabtan darussa. Bugu na 5.2 da ya fito a 2022 ya daina yin haka, amma tsoffin kwamfutoci suna nan da yawa.

Tauraro yana da wasu matsaloli biyu. Idan fayilolin sun kai dubbai masu yawa, jerin sunayen na iya wuce iyakar tsawon da tsarin aiki ya yarda a miƙa wa manhaja, umarnin ya ƙi tashi. Idan kuma fayil guda ne kacal a cikin darussa, aka rubuta ajiya ba sanda alhali babu folda mai wannan suna, sai a sami fayil mai suna ajiya a madadin folda. Sigar mai ɗigo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Abin da kwafi ke riƙewa da abin da yake zubarwa

Fayil ba abin da ke rubuce a cikinsa kaɗai ba ne. Yana da mamallaki da rukuni, da izinin karantawa da rubutawa da gudanarwa, da lokacin da aka yi masa gyaran ƙarshe. Cp -R zalla yana ƙirƙirar sababbin fayiloli ne: mamallakinsu shi ne wanda ya ba da umarnin, lokacinsu shi ne lokacin kwafin, izininsu kuma na asali ne bayan an rage abin da saitin umask ya hana. Ga hotunan biki wannan na nufin dukkansu za su nuna rana ɗaya idan aka jera su bisa kwanan wata. Ga fayilolin uwar garke abin ya fi muni: idan aka kwafa da sudo, duk za su zama mallakin root, babban mai gudanarwa, manhajar da ke buƙatar rubutu a cikinsu kuma ta kasa.

Zaɓin -p yana riƙe izini da lokaci da mamallaki. Zaɓin -a ya fi shi faɗi, kuma shi ne ya fi dacewa da ajiyar gaske:

    cp -a darussa/. ajiya/

A GNU, -a ya ƙunshi -R, yana kwafe mahaɗai a matsayinsu na mahaɗai, yana kuma riƙe duk bayanan da zai iya riƙewa. A macOS da FreeBSD daidai yake da haɗa -R da -p da -P. Riƙe mamallaki sai mai ikon root, domin mai amfani na gama-gari ba shi da ikon ba wani mallakar fayil.

Mahaɗin nuni ƙaramin fayil ne da ba ya ɗauke da komai sai adireshin wani fayil. Zaɓin -P yana kwafe mahaɗin kansa, -L kuma yana bin sa ya kwafo abin da yake nunawa. Kowanne da haɗarinsa. Mahaɗin da ke ɗauke da cikakken adireshi zai ci gaba da nuna fayil na asali bayan an kwafe shi, don haka wanda ya yi gyara ta cikin kwafin, asalin yake gyarawa. Mahaɗin da adireshinsa ya dogara da inda yake zaune kuma yana nuni zuwa wajen foldar, zai tsinke a sabon wuri. Da -L kuwa, mahaɗi guda da ke nuni zuwa wata babbar ma'ajiya na iya mayar da kwafin megabait kaɗan ya zama gigabait masu yawa.

Rubutu a kan fayil da ke nan

Idan wurin sauka yana da fayil mai suna ɗaya da wanda ake kwafa, cp zai maye gurbinsa shiru. Zaɓin -i yana sa ya tambaya kowane karo, -n yana sa ya bar na can yadda yake, -u na GNU kuma yana maye gurbi ne kawai idan na asalin ya fi sabunta. Zaɓin -v yana nuna sunan kowane fayil yayin da ake kwafe shi. Wasu tsarukan Linux suna saita wa root laƙabi da ke mayar da cp ya zama cp -i, abin da ke sa mutane su saba da tambayar, su kuma yi asara ranar da suka zauna a kwamfutar da ba ta da laƙabin.

Cp haɗawa yake yi, ba ya gogewa: fayil ɗin da ke wurin sauka wanda babu shi a asali yana nan ba a taɓa shi ba. Sunan da ke da fili a tsakani sai an saka shi cikin alamar zance, in ba haka ba shel zai ɗauke shi a matsayin sunaye biyu.

Rsync

Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da rsync a 1996 a Ostireliya. Bambancinsa da cp shi ne yana duba wurin sauka tukuna, ya tsallake duk fayil ɗin da girmansa da lokacin gyaransa suka yi daidai da na asali. Idan kwafin ya katse a tsakiya saboda ɗaukewar wuta ko yankewar intanet, sake gudanar da layin zai ci gaba ne da abin da ya rage. Tsakanin kwamfutoci biyu, ta hanyar SSH, yana aika sassan fayil da suka sauya kawai. Idan duka wuraren a kwamfuta ɗaya suke, fayil ɗin da ya sauya gaba ɗayansa yake kwafewa.

    rsync -a darussa/ ajiya/

A nan sandar ƙarshe tana da ma'ana tabbatacciya a kowane tsari: darussa/ yana nufin abin da ke ciki, har da ɓoyayyun fayiloli, darussa ba sanda kuma yana nufin foldar kanta. Zaɓin -a na rsync bai kai na cp ɗin GNU cika ba. Ba ya riƙe alaƙar fayilolin da ke da suna fiye da ɗaya a kan faifai sai an ƙara -H, haka jerin izini na musamman sai da -A, ƙarin bayanan fayil kuma sai da -X.

Zaɓin --delete yana goge duk abin da ke wurin sauka wanda babu shi a asali, domin wuraren biyu su zama iri ɗaya. Idan aka juya sunayen biyu, ko aka nuna foldar da ba komai a cikinta a matsayin asali, ajiyar ce za ta tafi. Zaɓin -n tare da -v yana nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba, kuma babu dalilin gudanar da --delete karo na farko ba tare da an fara yin wannan gwaji ba.

A Windows

Umarnin copy da aka gada daga DOS ba ya shiga ƙananan foldoji. Xcopy ne aka ƙara don wannan:

    xcopy C:\darussa D:\ajiya /E /H /I

Zaɓin /E yana kwafe ƙananan foldoji har da waɗanda ba komai a ciki, /H yana haɗawa da ɓoyayyun fayiloli, /I kuma yana hana tambayar ko wurin saukan fayil ne ko folda. A Windows ɓoyewa wata alama ce da ake saka wa fayil, ba ta da alaƙa da ɗigo a farkon suna.

Robocopy ya fara fitowa a cikin kayan aikin Windows NT 4.0, ya zama ɓangaren tsarin tun daga Windows Vista. Kullum abin da ke cikin foldar asali yake kwafa, kuma kamar rsync yana tsallake fayilolin da ba su sauya ba.

    robocopy C:\darussa D:\ajiya /E /R:2 /W:5

Ana saka /R da /W ne saboda saitinsa na asali: idan ya gamu da fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa, zai sake gwadawa har sau 1,000,000, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, kusan kwana 347 ke nan a kan fayil guda. Zaɓin /MIR shi ne takwaran --delete, /L kuma shi ne na gwaji. Lambar da yake mayarwa idan ya gama ta saɓa wa al'ada: 1 na nufin an kwafa lafiya, kuma sai daga 8 zuwa sama ne ake da gazawa. Rubutun umarni da ke ɗaukar duk abin da ba 0 ba a matsayin kuskure zai yi kururuwar banza. A PowerShell ana amfani da Copy-Item tare da -Recurse.

Nau'in faifai da tabbatar da kwafi

Wani lokaci ba umarnin ne ke da laifi ba, tsarin ajiya na faifan da ake kwafa zuwa gare shi ne. Filas da katin ajiya da yawa suna zuwa da FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gibibait 4, ba shi da mamallaki ko izini irin na Unix, ba ya kuma ɗaukar mahaɗan nuni. Ba ya bambanta babban harafi da ƙarami, don haka Jarrabawa.txt da jarrabawa.txt, waɗanda a Linux fayiloli biyu ne, za su yi karo a kansa. Yana kuma ajiye lokacin gyara ne da tazarar daƙiƙa 2, abin da ke sa rsync ya riƙa sake kwafe fayilolin da ba su sauya ba sai an ba shi --modify-window=1. Tsarin exFAT ya kawar da iyakar girman fayil, amma shi ma ba shi da izini irin na Unix.

A gefe guda kuma, a tsarukan ajiya irin su Btrfs da XFS, cp na GNU tun daga coreutils 9.0 na 2021 yana gwada yin kwafi ba tare da ninka bayanan ba. Fayilolin biyu suna tarayya a wuri ɗaya a kan faifai har sai an gyara ɗayansu. Babbar folda na iya kwafuwa cikin ɗan lokaci ta haka, sai dai irin wannan kwafi ba kariya ba ce daga lalacewar faifan, tun da bayanan guda ɗaya ne.

Cp yana ci gaba da aiki ko da wasu fayiloli sun ƙi kwafuwa, kuma saƙon kuskuren na iya nutsewa cikin dogon jerin da -v ke fitarwa. Umarnin echo $? da aka rubuta nan take bayansa yana nuna 0 idan komai ya tafi daidai. Don kwatanta wuraren biyu fayil bayan fayil ana amfani da diff:

    diff -r darussa ajiya

Idan bai nuna komai ba, abin da ke cikin fayilolin ya yi daidai, ko da yake ba ya duba izini ko mamallaki. Dawowar alamar jiran umarni kuma ba ta nufin bayanan sun gama sauka a kan filas, domin Linux yakan riƙe su a ƙwaƙwalwar wucin gadi ya rubuta su daga baya. Umarnin sync yana jira har a gama rubutawa, umount kuma yana yin haka sannan ya saki na'urar, bayan nan ne ake zare ta.